Sabon Fiffiken Kyaftin Sabri

Dahab, farkon Maris

Zuwa ga 'yata Tahani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da tsofaffin duwatsun da kuke tonowa a ƙarƙashin ruwan Iskandariyya.

Saƙonki ya iso. Usta Fathi direban bas ya dire mini kwalin a ƙofar gida yana haki, ya ce, "Kyaftin, murfin rijiya 'yar taka ta aiko maka ne?" Na buɗe na ga farantin ƙarfe mai huji-huji, da baƙar jakar iska zagayayya kamar tayar babur wadda kika ce sunanta fiffike, da madauri guda ɗaya tal, dogo kamar igiyar shanya, da 'yan zobba a leda. Mamanki ta ƙwanƙwasa farantin da cokali ta ce in bai yi a ruwa ba zai yi gashin kifi.

Tun kafin a haife ki nake nutso da falmaran ɗin iska. Ka zura hannu, ka ɓalla maɓallai, ka faɗa ruwa. Nawa ya mutu, faci ya hau kan faci har mai gyara ya ce in ji tsoron Allah in bar shi ya huta. To amma wannan naki, tun da ya zo na kasa zama. Na shimfiɗa shi a tsakar gida ina juya shi. Me ya sa madaurin ɗaya ne? Ta wane huji yake shiga, ta wane yake fita? Me ya sa babu maɓalli a kafaɗa ko ɗaya? Shi kuma wannan guntun da ke ratsa tsakanin cinyoyi kamar bante, dole ne dattijo irina ya sa shi a gaban baƙi?

Ki amsa da wuri, don akwai dalili. Hamdi, yaron da na koya wa nutso yana kuka da majina, wanda yanzu shagon nutson da nake yi wa aiki nasa ne, ya ce duk mai jagorar baƙi sai an gwada shi a ruwa a ƙarshen Afrilu. Wanda bai ci ba, ɗakin injin cika tukwanen iska zai koma. Kin san ɗakin nan, zafi da ƙara, teku kuma sai dai ta taga. Ni ban ga kaina a can ba.

Mamanki tana gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Sabri


Iskandariyya, tsakiyar Maris

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Mama. Na yi dariya har abokan aikina suka leƙo. Yau ga Kyaftin Sabri yana tambayata yadda ake ɗaura kaya! Bari in more, don na daɗe ina jiran ranar.

Na zana maka yadda madaurin yake bi a bayan takardar nan. Shi ɗaya ne da gangan. Duk inda aka sa maɓalli, wurin karyewa aka sa, shi ya sa mu masu faranti ba ma yanka shi, ba ma yi masa maɓalli a kafaɗa. Ina roƙonka, Baba, ka ɓoye almakashin Mama.

Ka sa rigar ruwanka mai kauri tukuna, sannan ka goya farantin ba tare da tukunya ba. Ka kai hannu ta bayan wuyanka. In kan yatsunka ya taɓa saman farantin, ya zauna daidai. In bai taɓa ba, ya yi ƙasa, ka rage tsawon kafaɗun. Kafaɗa biyun su zama daidai da juna, a matse, yadda yatsu kaɗai za su shiga. Zobban ƙirji kuwa, ka buɗe hannuwa kamar mai shirin runguma, ka lanƙwaso su, inda babban yatsa ya sauka nan zoben zai zauna. Banten dole ne. Shi ke hana kayan hawa kanka in ka cika fiffike, kuma babu baƙon da zai kalli cinyarka alhali ga kifi.

Ka rage dalmar ƙugunka, farantin ya ɗauke maka wani nauyin. In za ka fitar da iska daga fiffike, ka ɗaga tiyon da ke kafaɗar hagu sama da kanka, ko ka ja igiyar da ke bayan ƙugunka ta hagu. Iska sama take nema, kai ka koya mini.

In ya zauna daidai za ka kwanta a ruwa shimfiɗe, ba motsi, kamar an ɗora ka a kan gado. Ina so ka ji wannan, shi ya sa na saya.

Hamdi kuwa ya gwada wanda zai gwada. Wa ya isa ya kai ka ɗakin inji?

'Yarka mai ƙaunarka,
Tahani


Dahab, ƙarshen Maris

'Yata Tahani,

Sallama da gaisuwa. Na shiga ruwa da shi a gaban hasumiyar Fanar, kuma ga labari, wani mai daɗi wani mai ɗaure kai.

Mai daɗin tukuna. Gaskiyarki. Akwai lokacin da komai ya daidaita, na kwanta a ruwa ban motsa ƙafa ba, ban motsa hannu ba, numfashi kawai yake ɗaga ni yana sauke ni. Wani jan kifi ya zo ya tsaya a gaban tabarauna yana kallona kamar yana tambayar ko ni sabon dutse ne. Ashe duk shekarun nan a tsaye nake yawo a ruwa kamar mai zuwa kasuwa! Na ji haushin shekarun, na kuma ji daɗi kamar yaro.

Ga mai ɗaure kan. Tukunyar tana zamewa hagu, ina tafiya a karkace kamar jakin da kayansa suka goce. Na ɗan sassauta kafaɗar hagu ne don shiga ta yi sauƙi, ban ɗauka wannan ɗan abin zai juya mutum ba. Me ya sa yake haka? Sannan fiffiken nan rowar iska gare shi. Ina hawowa sama sai ya kumbura, in danna, in danna, iskar ta ƙi fita, sai da na riƙe dutse da hannun dama don kada in fito kamar kwalbar roba. Na kwance shi a gida na hura da baki, na matse, na leƙa cikin tiyon da tocila. Lafiyarsa ƙalau a tudu. To me yake canza masa hali a ruwa? Ko irin na ruwan Iskandariyya ne, bai saba da gishirinmu ba?

Fita daga cikinsa ma aiki ne. Wanda ya ƙirƙiro madauri ɗaya, ina jin maciji ne ba shi da kafaɗa. Ki yi tunani ki gaya mini, don abin ya tsaya mini a rai fiye da jarrabawar ma.

Babanki,
Sabri


Dahab

Tahani 'yata,

Ina gaishe ki. Ba ni da rubutu mai kyau irin na ubanki, ki yi haƙuri ki karanta. Na ba Usta Fathi wannan a ɓoye tare da busasshen lalo da ganyen shayi.

Fiffikenki ba shi da laifi. Hannun hagun ubanki ne ba ya ɗaguwa. Tun sanyin da ya wuce kafaɗar ta riƙe, iyakarta daidai haɓarsa, baya kuwa ko aljihun wandonsa ba ta kaiwa. Ni nake zura masa jallabiya da safe. Tsohon falmaran ɗin nan shi ya rufa masa asiri, don ta gaba yake ɓallewa, igiyar fitar da iskarsa kuma a dama take. Naki ya zo ya tona shi.

Shekaranjiya na ce, "Abu Tahani, miƙo mini tukunyar can ta kan kanta."

Ya ce, "Ke ba ki da hannu ne?"

Na ce, "Ina da biyu. Kai nawa gare ka?"

Ya ce, "Atiyat, ki fita daga idona. Sanyi ne, zafi na shigowa za ta saki."

Na ce, "Zafin ya shigo har ya zauna ya sha shayi. Mu je asibiti."

Ya ce wai likita bai san komai ba sai hana mutum shiga ruwa. Jiya kuma ya maƙale a cikin madaurin nan a tsakar gida, yana juyi kamar kazar da aka ɗaure, sai da na janye masa ta baya. Ina dariya ina hawaye. Na ce ya ari falmaran a shagon Hamdi ranar jarrabawa, ya ce shi da ya ɗanɗana kwanciya a ruwa ba zai koma tsayuwa ba.

Tsoro nake ji, Tahani. In ya ci, da wannan hannun zai riƙa shiga da 'ya'yan mutane. In bai ci ba, ɗakin injin nan zai kashe mini shi da ransa. Ke yake jin maganarki yanzu, tunda kin zama malamarsa.

Mamanki,
Atiyat


Iskandariyya, Afrilu

Baba,

Ina gaishe ka, ina kuma neman afuwa tun kafin ka kai ƙarshe. Mama ta gaya mini. Kada ka yi mata faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma da na yi hankali da tun daga wasiƙarka na gane. Na zauna ina zargin tiyo alhali amsar tana gabana.

Ga maɓalli nan a cikin ambulan, mai ƙarfi ne. Ka yanka madaurin a ƙasan zoben hagu, ka ƙona bakin da wuta don kada ya warware, ka sa shi. Na san ni na ce ba a yi. Dokar ta masu kafaɗa biyu ce. Da shi za ka matse hagun daidai da dama, tukunya ta daina zamewa, ka kuma fita ba tare da Mama ba. Iskar kuma, ka karkata kafaɗar hagu sama, ka ɗaga tiyon da hannun dama. Za ta fita.

Amma akwai abin da maɓalli ba zai gyara ba, kuma kai ka fi ni saninsa. Mai jagora hannu biyu yake bukata, ɗaya nasa, ɗaya na baƙo. Ranar da wani ya firgita ya nufi sama, ka cafke shi da dama, wane hannu ne zai fitar da iskarka? Ba ina cewa kada ka shiga jarrabawar ba. Ban isa ba. Ina dai jin tsoro, kuma gara in faɗa ka yi fushi da ni.

'Yarka,
Tahani


Dahab, farkon Mayu

Tahani,

Sallama. Na yi fushin, ya wuce. Maɓallin ya yi, iskar tana fita, ban taɓa jin daɗin kaya irin wannan ba.

An yi jarrabawar. Hamdi da kansa ya kwaikwayi baƙon da ya firgita. Ya zabura sama, na cafke shi da dama, fiffikena ya kumbura, hannun hagu ya ƙi tashi, muka kama hawa mu biyu. Sai na ji iska tana fita ta bayana. Baƙon da ya firgita ne ya zagayo da hannu ya ja mini igiyar ƙugu, fuskarsa a juye wai yana kallon kifi.

Da muka fito ya sumbaci kaina ya ce, "Mabruk, Kyaftin, ka ci."

Na ce, "Hamdi, uban wa ya koya maka ƙarya a ruwa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Kyaftin, ni ba zan iya kayar da kai ba."

Na ce, "Na sani. Baƙon gaske kuma ba zai ja mini igiya ba."

Tun ranar Asabar ina ɗakin inji, ni na kai kaina. Zafin yana nan, ƙarar tana nan, kuma ba zan ɓoye miki ba, in na ga sun wuce ta taga da baƙi sai in bi su da ido har su ɓace.

Ki nemo mini likitan ƙashi a Iskandariyya, wanda zai ɗauki hoto ya kuma yarda in gani da idona. Ki gaya masa tsohon yana da tambayoyi da yawa. Ina so in san yadda aka ɗaura kafaɗar nan, da inda ta maƙale, da ko ita ma ana iya sassauta ta.

Babanki,
Sabri