Inda Gonta zai kwanta

Talata, 4 ga Oktoba

Jiya da safe karenmu Gonta ya mutu a bakin ƙofa, kansa a kan tsohon takalmin marigayi maigidana Kiyoshi. Shekara goma sha huɗu muna tare. Yau aka ƙone gawarsa bisa al'adarmu, na tsince ƙasusuwan da tsinken cin abinci kamar yadda na yi wa Kiyoshi shekara uku da suka wuce. Mai wurin ƙonawar ya nuna mini haƙoransa, wai dubi ƙarfinsu. Ni zai gaya wa? Kujeru biyu suka cinye mini.

Na ajiye ɗan tulun ƙashin kusa da hoton maigidan, na kunna musu turare.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Na zuba shinkafa a kwanonsa kafin in tuna. Na zauna a ƙasa na yi kuka har ta huce.

Litinin, 10 ga Oktoba

Ranar kwana arba'in da tara ake kai ƙashi makwancinsa, wato 20 ga Nuwamba. Na san inda za shi. A asibiti Kiyoshi ya ce mini, "In Gonta ya biyo ni, ki sa shi kusa da ni." Na ce to. Saboda haka cikin kabarin gidansu, inda ake tara ƙasusuwan iyali, zai shiga.

Matsalar ita ce Yaya Tsuneo, wan Kiyoshi. Kabarin na gefen gonar lemunsa, kuma shi ne babba. Na same shi a kan tsani.

"Kare? Tare da Baba da Inna? Fumie, kin sha wani abu ne?"

Na ce ƙaninka ne ya roƙa.

"Ƙanina ya taɓa roƙona in saya masa jirgin ruwa. Shi ma ban saya ba."

Bai ko sauko ba. To, mu zuba, shege ka fasa.

Asabar, 22 ga Oktoba

Sau uku ke nan ina zuwa wajen Yaya. Na kai masa kifi, ya karɓe kifin, ya ce a'a. Mutum sai ka ce kututture.

'Yata Natsuko ta bugo waya daga Osaka, wai akwai maƙabartar dabbobi mai kyau a birni, har da furanni. A kai shi cikin baƙin karnuka? Gonta da ko na maƙwabta bai taɓa shiri da su ba.

Laraba, 2 ga Nuwamba

Biyar da rabi nake farkawa har yanzu. Igiyarsa na nan a ƙusa. Ban san abin da mutum ke yi da safiya ba in babu mai jan sa waje.

Juma'a, 11 ga Nuwamba

Abin kunya, amma zan rubuta.

Na ɗauki sandar ƙarfen Kiyoshi na hau tudu da hantsi, tulun a cikin jakar cefane, wai zan ɗaga dutsen da ke rufe ramin ƙasusuwan in saka shi ba da sanin kowa ba. Ko motsi dutsen bai yi ba. Bayana ne ya yi ƙara. Ina durƙushe ina nishi sai na ji murya daga cikin itatuwan lemu.

"Sannu da aiki, ɓarauniyar kabari. In kawo miki shayi?"

Na ce masa ba shi da zuciya. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba zan rubuta ba. Ya bari sai da na gama, sannan ya ce, "Tsakaninki da gaskiya, sau nawa Kiyoshi ya bar karen nan ya taka tabarmar ɗaki?"

Kiyoshi bai taɓa bari ba. Ko sau ɗaya. Ko ranar da aka yi guguwa, shi ya fito da bargo ya kwanta wajen Gonta a bakin ƙofa.

Na ɗauki sandata na sauko, ko sallama ban yi ba.

Laraba, 16 ga Nuwamba

"Kusa da ni" ya ce. Ina ta juya maganar. Ba wai na sauka daga ra'ayina ba ne.

Lahadi, 20 ga Nuwamba

Na hau da tulun a hannu, da niyyar in zauna a kan kabarin har sai ɗayanmu ya gaji.

Na tarar da rami. Daidai bakin matakalar kabarin, ta gefen gonar Yaya, taku biyu daga inda Kiyoshi yake. Itacen lemu guda ya sare don a sami wurin, mai 'ya'ya kuwa, a tsakiyar kaka. Yana tsaye da shebur, wandonsa duk laka, yana kallon wani wajen.

"Nan ƙasata ce, ba ta kakanni ba. Ba mai cewa komai. Kuma birai sun dame ni, ina neman mai gadi."

Na ce Gonta tsoron birai yake yi.

"Na sani. Bayana yake ɓuya."

Ashe ya sani. Ashe duk yawon da Gonta ke yi da rana, nan yake zuwa cin busasshen dankalin Yaya. Da na sa tulun, ya zaro guda daga aljihu ya jefa a ramin, ya juya yana fyace hanci, wai mura.

Talata, 22 ga Nuwamba

Biyar da rabi na farka, na hau tudun. Ban ce Yaya ya fi ni gaskiya ba, kuma ba zan ce ba. Sai dai da na tsaya na duba, haka suke kwana tun asali: maigida a ciki, Gonta a bakin ƙofa.

Shinkafar da na dafa ta yi yawa. Na zuba saura a kwano na bar wa tsohon a gindin tsani. Kawai don kar ta lalace.