Surukina Ya Ce Motar da Ba Direba Ta Zo Ta Ɗauki Amarya

Gwaggo Kubura, don Allah ki taimake ni, bakina ya ja mini, aurena na neman suɓucewa.

Ni saurayi ne a nan Dutse. Bayan na gama karatu na samu ɗan aikin wucin gadi da wata ƙungiyar bincike. Aikin ba wuya: mu bi unguwanni muna tambayar mutane yadda suke zirga-zirga yanzu, ko acaɓa, ko adaidaita, ko ƙafa. Tambayar ƙarshe ita ce, in da za a kawo motar da ke tuƙa kanta ba direba, za su shiga? Iyakar abin ke nan, tambaya ce kawai. Babu wanda ya ce mana mota na tafe.

To amma Gwaggo, kin san daɗin a saurare ka. Na lura da zarar na zo kan wannan tambayar sai a matso, mai shayi ma ya tsaya da firfita. Sai na fara ƙara gishiri. Na ce motar ba ta gajiya, ba ta tsayawa gaisuwa, ba ta cusa mutum biyu a gaba. Ranar da aka tura ni tasha kuwa abin ya kai ni har na ce nan gaba direba sai dai a ba jikoki labarinsa. Wallahi ban lura Alhaji Sale na zaune a benci bayana ba.

Alhaji Sale shi ne mahaifin Ikilima, wadda aka sa mana rana bayan Sallah. Tun kafin a haife ni yake jan mota tsakanin Dutse da Jahun, rabin direbobin tashar shi ya yaye su. Da na gaishe shi ma, da fara'a ya amsa. Washegari sai ga saƙo ta bakin kawuna: wai a gaya wa yaron nan, ranar ɗaukar amarya ya turo motar tasa da ba direba, su sun ba ta hanya.

Tun daga nan na shiga uku. Direbobin da suka yi alkawarin motocin biki duk sun janye. In na tsayar da adaidaita, mai shi ya rage gudu, ya leƙo, ya ce in jira tawa tana tafe. Ni da ke binciken yadda zirga-zirgar mutane ta sauya, tawa ce ta fi ta kowa sauyawa, don a ƙasa nake zuwa har unguwar Takur cikin ranar nan. Wata tsohuwa kuma kullum sai ta tare ni, wai in an fara rabo kar in manta da ita, tana son mai ruwan toka. Ikilima in na kira sai dariya, ta ce ita ba ruwanta.

Abin da ya fi ci mini rai, ni ko tuƙin ban iya ba. Sau ɗaya na gwada, na hau kan tarin yashin maƙwabta. Ina jin shi ya sa motar nan ta kwanta mini. Kunyar suruki ta hana ni tunkararsa, tsoro ya hana ni barci. Ina son yarinyar nan ƙwarai. In ajiye aikin ne, ko in yi hayar motoci daga Kano?

Mai Tafiya a Ƙasa, Dutse.

Ɗana Mai Tafiya a Ƙasa,

Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, amma na tausaya maka. Kar ka ajiye aikinka. Tambayar mutane ra'ayinsu ba laifi ba ne, kuma gara a tambaye mu tun abu bai zo ba. An dai aike ka ka ji ta bakin jama'a ne, kai kuma ka je ka hau wa'azi. Daga yau ka yi tambayarka ka ja bakinka, tsohuwar nan ma ka gaya mata gaskiya ba rabon da za a yi.

Su ma direbobin sun ɗan wuce gona da iri, amma ka duba ta wajensu. Sana'ar da Alhaji ya ciyar da Ikilima da ita har ta girma ka gani kana so, ita ka ce ta zama labari, a gaban yaransa. Kar ka kuskura ka ɗauko motoci daga Kano, wannan zagi na biyu ne.

Ka sake sauraron saƙon nasa da kyau. Ranar ɗaukar amarya ya ambata, bai ce a zo a karɓi kaya ba. Mutumin da ya fasa ba ka 'ya ba ya tsayawa tsokanarka. Jira yake ka zo.

Ka sa kawunka a gaba ku same shi a tashar, inda ka yi ɓarin bakin, ba a gida ba. Ka durƙusa, kawu ya ba da haƙuri. Sannan ya faɗi maganar yashin nan a gaban kowa, ya roƙi Alhaji ya ba ka wanda zai koya maka tuƙi. Za a yi maka dariya har da riƙe ciki, ka daure, da ita za ka fanshi motocin bikinka. Ban taɓa ganin tsohon direban da aka ce masa koya mini ya iya yin shiru ba.

Allah ya sanya albarka, ya kai amarya ɗakinta lafiya, da direba a gaba.

Gwaggo Kubura