Na Cire Ƙyauren, Ki Dawo

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randa bayan aikin wuta, farin watan da ya yi zuciya ya koma gidan yayarsa,

Ina gaishe ki, ko da yake ban san inda zan ajiye gaisuwar ba, tunda ko wayata ba kya ɗauka. Haba, uwar 'ya'yana! Mutum kamata, wanda ya fara da injin walda na haya a gindin bishiya, yau ga shi da shago da ma'aikata, shi ne zai zauna yana rubuta takarda kamar ɗan makaranta? To, ga shi na rubuta. Duk duniya ke kaɗai kika isa ki sa ni.

Kin tuna yammacin nan da ruwa ya ɗauke, ƙasa tana ƙamshi, kika karɓi guntun rodi a hannuna kika zana kicin ɗinki a bayan gida? Nan murhu, nan wurin wanke-wanke, nan babbar taga don hayaƙi ya daina sa ki hawaye. Kina taka layin a hankali kamar barewa a bakin rafi, gefen zanenki ya jiƙe, kina dariya. Wallahi a ranar nan, da sama kika ce in rufa miki da kwano, da na nemo tsani! Muka yi kasafi, kika kawo abin da kika tara na ɗinki, na ɗora nawa, muka ce kicin ne farko.

To, na yi ƙyaure. Sai me? Laifi ne maƙeri ya so ƙofar gidansa ta faɗi sunansa? Duk layinmu ni na ƙera musu, nawa kuwa na langalanga ne, iska na kaɗa shi yana kuka. Na sa ƙarfe mai kauri, na lanƙwasa furanni da hannuna, na kafa masa ginshiƙai. Ashe ginshiƙai cin siminti gare su kamar fara a gona! Kafin in ankara rabon kicin ya shige cikinsu. Ni a wurina jinkiri ne kawai, wata mai zuwa ma rana ce. Ke kuma kika tsaya kika dube shi, ba ki ce yana da kyau ba, ba ki ce ba shi da kyau ba, kika haɗa kayan yara. Da zagina kika yi, da ya fi mini sauƙi. Yayarki kuwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: duk aiken da na yi, amsarta ɗaya ce, wai ƙyauren ya dafa mini.

Kurciyata, ƙamshin farkon damina, kin san halin da gidan nan yake ciki? Tsohon kicin na yoyo, tukwane sun zama na tarar ruwa, keken ɗinkinki ya yi tsit kamar shi ma yana fushi da ni. In na dawo daga aiki in buɗe wannan ƙaton ƙyaure, wa zan tarar? Me zan kulle a ciki?

Shekaranjiya na kwance shi da kaina. Wani mai gidan mai da ya daɗe yana yaba shi ya saya, kuma ya taya shi da arha don ya ga a matse nake. Maƙwabta sun fito kallo, ban kula kowa ba. Siminti ya iso, bulo ya iso, an ɗaga bangon kicin har ƙugu. Amma birkila ya ajiye cokalinsa, ya ce ba zai bar gurbin taga ba sai mai girkin ta zo ta tsaya inda za ta riƙa tsayawa, ya auna da tsayinta. Kin ji! Har shi ma naki ne. Kuma wani aiki na jiransa, in ya tafi sai bayan damina.

Don Allah ki zo ki tsaya masa. Na yi alkawari ko ƙusa ba zan ƙara saya ba sai da saninki. Ba sai kin ƙwanƙwasa ba, gidan a wangame yake, awakin unguwa ma shiga suke yi ba sallama.

Naki ne ni, da taurin kaina da komai, har ranar da za a fitar da ni ta wannan ƙofa a kafaɗa,

Mijinki, maƙerin da gidansa ba ƙyaure.