Ajin da Ake Ji Daga Gona

Zuwa ga mahaifina, Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinka. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, amma ba ni da wanda zan kai wa maganar sai kai.

Baba, ajinka na Turanci ni ke riƙe da shi yanzu. Allon da kake shafa wa baƙin batir yana nan. Har mun iso darasin nan naka, inda yara ke rera "he goes" ga mutum ɗaya, "they go" ga mutane da yawa.

Kai dai ba ka taɓa yarda a faɗe shi ƙasa-ƙasa ba. Tagogi a buɗe, sai mai noma a bayan kukar makaranta ya ji. Kana cewa uban da ya haƙura da ɗansa ranar noma, haƙƙinsa ne ya ji da kunnensa abin da ɗan ke yi. Ina ƙarama na ga wani tsoho yana huɗa yana bin amshin, bai san ma'anar ko kalma ɗaya ba.

Bana ba irin shekarun da ka sani ba ne. Gero ya yi tsawo ya kewaye makaranta, mutum sai ya iso bakin taga ba a gan shi ba. Masu zuwa kasuwar Tsanyawa suna dawowa da labarin ƙauyukan da aka shiga aka kwashe mutane. Makon jiya aka ga sawun babura a labi, kuma ba na 'yan garinmu ba ne.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye maka ba. Na ce a raina wannan amshi ai talla muke yi, duk wanda ke cikin gero ya san inda yara suke da yawansu. Shekaranjiya na rufe tagogi, na ce su faɗa da raɗa.

Wallahi hantsi bai dubi ludayi ba sai ga gari a guje. Maza da fartanya, mata wasu ko mayafi babu. Inna Tabawa mai ƙosai ce ta banko ƙofa, ba takalmi, tana kiran sunan jikanta. Ashe da muryar nan garin ke sanin yara lafiya suke. Da suka ji shiru, sun ɗauka an kwashe su.

Ta zauna a ƙasa tana haki, ta ce, "Malama, ki bar su su yi ihunsu. In muna ji, mun san suna nan."

Na ce mata ba su kaɗai ke ji ba. Ta ce ta sani.

Babana, da kana nan da ka zaɓa mana, ni kuwa in bi ka ido rufe kamar da. Na yi kewarka ƙwarai. Gobe zan buɗe tagogi, in ba allo baya, in tsaya ina kallon gero, su kuma su ɗaga murya yadda ka koya mana.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya Allah, Ka sa gobe iyayensu kaɗai ne za su ji.

Taka har kullum,
'yarka Binta