Haihuwar Da Barakatu Ba Ta Ƙirga Ba

Ƙofa, Bebeji
12 ga Oktoba

Zuwa ga Yayana, Farfesa Ghali,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina miƙo gaisuwa ta ladabi irin wadda ta kamaci ƙane ga wansa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya Zahra'u da su Zayyad. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a aikin da kake yi wa mutanen Ɗa'ifa. Mu nan lafiya lau muke. Inna tana nan da ƙarfinta, gwiwar ce dai take taɓa ta. Ƙwayoyin da ka aiko mata ta ƙulle su a bakin zane ta jefa cikin kwalla, wai maganin Saudiyya ba na ƙaramin ciwo ba ne, sai ranar da abin ya yi tsanani. Na yi magana har na gaji, ko kai za ka gwada. Damina ta yi kyau, masarar gonar bakin rafi ta fi ta bara, dawa ma ta fara sunkuyar da kai.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Alhaji Maikano zai tashi Umara jibi, na ga gara in ba shi. A waya kai ne mai magana, ni kuma aikina in riƙa cewa haka ne, kuma shekara hamsin da biyu ke nan muna a kan wannan tsari. Yau ina son in kai ƙarshen zancena. Magana biyu ce, ta daftarin da ka aiko mini, da kuma ta 'yarka, wadda takardun makaranta suka sani da Shamsiyya Ghali. Alƙalami ne ya rubuta sunan, ba bakina ba ne ya faɗa. Jarrabawar da ka shirya mata don ta biyo ka can idan ta gama, za a rufe rajistarta ƙarshen watan gobe. Ta cika takardar tun kafin Mauludi, amma har yau ba ta tura ba. Dalilin nake son ka ji kafin ka yanke hukunci.

Bari in fara da daftarin. Ka ce kwamitin da aka sa ka a ciki yana neman hanyar gyara karatun likita don a daina ƙarancin likitoci a ƙasar nan, ka kuma ce in karanta maka da idon talaka. Na gode da wannan muƙami. Na karanta shafi arba'in da shida ɗin nan sau biyu a ofishin malamai, tsakanin darasin tarihi na aji biyar da na aji shida. Batun ƙara yawan ɗaliban da ake ɗauka na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don ni nake ganin yara masu kai daga Badafi da Tiga suna cin jarrabawa da kyau, su nemi gurbi shekara uku su rasa, su ƙare a gyaran waya a bakin titi. Inda na yi murmushi shi ne shafi na talatin, inda kuka ce idan aka ninka ɗalibai, nan da wasu shekaru kowace mazaɓa za ta samu likitanta. Sai na tuna abokanka goma sha ɗaya da suka zo walimar gama karatunka a tsakar gidan nan, suka ƙarar wa Inna da kaji. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a zuciyata. Uku ne suka rage a ƙasar, a cikinsu ma ɗaya ya koma siyasa. Idan aka ninka, ina ganin Larabawa da Turawa ya kamata su aiko wa kwamitinku takardar godiya. Ban faɗa don in soke ka ba, Yaya. To, na ɗan soke ka kaɗan.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne shafi na goma sha tara. A nan kuka ce mako takwas ɗin da ɗaliban ajin ƙarshe suke yi a asibitocin karkara ɓata lokaci ne, a mayar da shi mako biyu, sauran a koya musu ta bidiyo, don su fito da wuri. To, 'yarka ta yi nata mako takwas ɗin a daminar nan, a wani ƙaramin asibiti can wajen Doguwa. Likita ɗaya ne a wurin, Dakta Mudassir, shi ma raba shi ake yi da wani asibitin a ɓangaren Tudun Wada, kullum yana kan babur. Saboda haka ranar awon masu ciki ɗalibai ne suke cika kati, ungozomar wurin, Sista Asabe, wadda ta shekara talatin tana karɓar haihuwa, tana leƙa su.

A mako na uku wata Bafulatana mai suna Barakatu ta zo awo daga wata ruga da ke hayin rafi, cikinta ya shiga wata tara. 'Yarka ta zaunar da ita ta yi mata tambayoyi yadda aka koya mata, layi bayan layi. Haihuwa nawa? Ta ce huɗu. An taɓa samun matsala? Ta ce ko ɗaya, duk a gida ta haife su lafiya. Jininta bai hau ba, kwanciyar ɗa daidai. 'Yarka ta rubuta cewa ba abin fargaba, ta ba ta maganin ƙarin jini, ta ce ta koma gida, idan naƙuda ta zo ta taho. Barakatu har ta ɗauki ƙwaryarta sai Sista Asabe ta karɓi katin ta duba. Wai ta ce mata, likita ƙarama, kati ya yi kyau, rubutu kamar na inji, saura gaskiya. Ta ce ita a aikinta, duk lissafin da matar ruga ta bayar sai ta ƙara ɗaya, sannan ta fita ta nemo shi.

Ba ta sake tambayar Barakatu komai ba. Ta ja 'yarka suka fita gindin mangwaro inda tsohuwar da ta rako ta take zaune, wato uwar mijin. Ta gaishe ta da ɗan Fillancin da ta iya, ta tambayi shanu, ta tambayi ruwa, ta tsokane ta cewa nonon bana duk ruwan rafi ne, tsohuwa ta rama cewa allurar bana ma haka. Sai da aka yi dariya sannan Asabe ta ce, ina babban, na wajenki? Tsohuwa ta ce Dikko ai yana can tare da shanu, ya zama saurayi. Ka san abin, Yaya, sai dai in zaman waje ya mantar da kai: ɗan fari ba a kama sunansa, ba a nuna an san da shi, da an yaye shi kaka ce uwarsa. Barakatu ba ƙarya ta yi ba. Ita a wurinta, ta buɗe baki ta ƙirga Dikko a gaban baƙuwa rashin kunya ne da ba za ta iya ba. Kuma a haihuwar Dikkon ne mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle, har aka fara yi mata salati. Ashe ciki na shida ne a jikin matar da jini ya taɓa kusan tafiya da ita, ga rafi tsakaninta da asibiti, ga watan Agusta.

Daga nan aiki ya canza. Asabe ta sa aka nemo matar da Barakatu take kai wa nono a cikin gari, ta yarda ta sauke ta a ɗakinta har ta haihu. Aka kira mijin da ƙanensa a ɗebi jininsu a ajiye. Mijin ya fara noƙewa, Asabe ta ce ita ba ta taɓa ganin mutumin da yake kama bijimi da ƙaho ba amma yana gudun allurar da jarirai suke sha. Ya miƙa hannu yana kallon rufi. A mako na bakwai, ranar wata Talata da hantsi, naƙuda ta zo. Aka samu namiji, bayansa kuma jini ya biyo kamar yadda aka ji tsoro. Dakta Mudassir ya iso da taɓo har gwiwa, 'yarka ce ta riƙe ledar jinin, leda biyun nan duk suka shiga. Barakatu ta tashi. A ranar, an ce rafin nan ko saniya ba ta haye shi ba.

Ka lura da lissafin: mako na uku da mako na bakwai. A tsarin shafinku na goma sha tara, da 'yarka ta koma Kano tun kafin Barakatu ta zo awo, da kuma ta fito likita da katinta mai kyau. Ban san a wane bidiyo za a sa gindin mangwaron nan ba. Ni da za a ji ta malamin tarihi, da an ƙara makonnin, an kuma rubuta sunan irin su Asabe a cikin malamai, tunda koyarwar suna yin ta ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Duk wannan labari ba daga bakin 'yarka na ji ba, ka san ba ma zama irin wannan da ita. Da ta dawo, wurin gwaggonta Muhsina ta sauka a Kiru ta kwana biyu. Muhsina ta ce mini suna cikin tsinkar zogale yarinyar ta tambaye ta, wai idan aka tambayi Umma, wato mai ɗakina, haihuwarta nawa, za ta sa da ita? Muhsina ta yi dariya ta ce ina, ai daga Sani mai bi miki za ta fara. Wai sai yarinyar ta ce ashe ita ma Dikko ce, amma shekara shida tana karatun jikin mutum da Turanci ba ta gane matar da take zaune a gabanta ba. Daga nan ta faɗa wa Muhsina abin da yake ranta. Tana son idan ta gama, ta yi shekarar sanin makamar aiki da bautar ƙasa, ta nemi a tura ta yankin nan, Doguwa ko Tudun Wada ko Kiru, duk inda aka samu. Ba ta son jarrabawar. Amma ta ce ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa Baba ba, wato kai, bayan duk ɗawainiyar da ka yi kana shirya mata wuri.

Ba zan yi maka ado ba. Gidan da ake ba likita a can yana yoyo, wuta sai an ga dama, Dakta Mudassir kansa an ce yana neman hanyar fita. Mai yiwuwa ta yi shekara biyu ta gaji, ta zo tana roƙonka abin da ta ƙi yau. Kuma ni ba ni da ta cewa. Tun ranar da aka yaye ta Inna ta goya ta ta kai ta gidanka a Kano, kai ka sa ta a makaranta, kai ka zauna da ita lokacin da ƙyanda ta kama ta, sunanka take amsawa. Idan na ce mata ta zauna, na yi maka ƙwace, kuma ba zan yi ba. Sai dai na ga kwamitinku yana ta neman dabarar da za ta sa likita ya zauna a ƙauye, ga guda ɗaya a gidanka ta ce za ta zauna ba tare da an yi mata dabara ba.

Roƙona ɗaya ne. Idan ka kira ta, kada ka tambaye ta me take so. Za ta ce duk abin da Baba ya ce, ta tura takardar a ranar, ta ci jarrabawar kuma, don ka san kanta. Idan ka amince ta zauna, kai za ka fara faɗa da bakinka, tun kafin ta gama gaishe ka. Idan kuma ka duba ka ga tahowarta ce alheri, shi ke nan, ni zan kai ta filin jirgi da kaina, kuma ba za ta taɓa jin cewa na rubuta wannan takarda ba.

Ka isar da gaisuwata ga Hajiya Zahra'u, ka ce mata mai ɗakina tana godiya da turaren. Ka shafa mini kan Zayyad da ƙannensa. Inna ta ce a gaya maka tana sa ka a addu'a kowace salla. Muhsina da maigidanta Malam Ladan suna gaisuwa, haka Sani da sauran yara. Muhsina ta ce in ƙara maka da cewa yarinyar ta rame, kuma duk lokacin da waya ta yi ƙara sai ta duba ko lambar Saudiyya ce. Allah ya yi maka jagora, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanenka,
Tasi'u