Jinin Waɗanda Suka Tashi

Faransa, Fabrairu 1996

Yaya Raƙiya,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina aikin likita? Ina Kulu ɗiyata? Na ji a rediyo sanƙarau ya shigo Adar, hankalina bai kwanta ba.

Ga abin da nike roƙo. Duk wanda cutar ta kama ya tashi, jikinsa ya ƙera abin da ya yaƙe ta, kuma yana nan cikin jininsa. Mu a nan ɗakin bincike muna tara irin wannan daga mutane da yawa, kamar rumbun iri, sa'annan mu zaɓi wanda ya fi kama ƙwayar cutar. Ke ce majo mai riƙe da asibitin Kalfu, ke suka sani. Ki ɗibar mini jinin waɗanda suka tashi kaɗan, wajen waɗanda suka yarda kawai. Hukuma ta ba da izini.

Ƙanenki, Idrisa

Kalfu, Maris

Idi,

Bayan gaisuwa, ban da lokacin dogon zance. Ɗakuna sun cika, marasa lafiya na kwance ƙarƙashin itace. Maganar jini kuwa, an ce saida shi za ka yi ga Nasara. Ciɗo mahauci ya miƙo hannu gaban jama'a, ya ambaci sunan babanmu, ya ce: "Ɗan Manzo ba ya cutar mu." Sai wasu suka biyo. Firigo, akwatin sanyin da muke ajiye jinin, na aiki da kananzir, kananzir kuma ya yi wuya. Na aika abin da na samu birnin Tawa cikin ƙanƙara, daga can a aiko maka.

Idi, tun jiya Kulu ke zazzaɓi. Yau na ce ta dubi cibiyarta, wuya ya ƙi lanƙwasuwa. Allurar mai, wadda muke maganin cutar da ita, ta ƙare mana. Abin da ka samu cikin rumbun nan naka, ko bai ida ba, aiko shi. Ni zan yi mata da hannuna.

Yayarka

Faransa, Maris

Yaya,

Allah shi ba ta lafiya. Ba ni da abin aikowa. Abin da ke hannunmu ko ga ɓera ba mu gwada ba, aikin shekaru ne. Da na faɗa miki haka tun farko. Na sayi allurar mai, na ba Alhusaini, wani ɗan Bambeye da ke komowa gida. Kafin ya iso ki kai ta Tawa, ko a amalanke ne. Don Allah ki ba ni amsa.

Idrisa

Faransa, Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Jinin ya iso, rabi ya lalace a hanya, rabi ya yi. Amma daga gare ki shiru. Na buga waya gidan waya na Tawa, ba wanda ya san komi. Gobe ma zan sake bugawa. Ko mine ne ya faru, ki faɗa mini.

Idrisa

Kalfu, Mayu

Idi,

Gaisuwa. Kulu ta tashi. A Tawa muka samu allura, taka ta iso baya, na yi wa 'ya'yan mutane. Tana ci, tana tafiya. Shekaranjiya kwano ya faɗi bayanta, ba ta waiwaya ba. Lokotoro, babban likitan Tawa, ya ce kunnen ba zai komo ba.

In za ka gaishe ta, kar ka ce in faɗa mata. Rubuto mata tata takarda da manyan baƙaƙe, ta iya karatu.

Allah shi tsare ka.

Raƙiya