An Kwantar da Mai Shari'a

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan gaya wa maganar nan bai kai ta inda ba na so ba.

Ni 'yar wasan kwaikwayo ce, a wani shiri mai dogon zango da ake nunawa a talabijin duk mako. Ba zan faɗi sunansa ba, amma ka san fuskata. Ni ce alƙaliya. Shekaru ina kan kujerar nan da baƙar riga, ina buga guduma, manyan maza suna rawar jiki a gabana. Ko kasuwa na shiga, Mai Shari'a ake kirana. Wata mata ta taɓa tare ni ta ce saboda ni 'yarta ta dage sai ta zama lauya.

Masu kallo ba su san abin da ake yi in an kashe kyamara ba. A wurin aikinmu, in lokacin cin abinci ya yi, mata ne ke zubawa. Haka muka tarar. Maza su baje a tabarma a inuwar motar kaya, mu bi su da faranti da butar wanke hannu. Da rigar alƙalancin a jikina nake durƙusawa in zuba wa wanda na gama ɗaurewa ruwa, yana cewa Mai Shari'a a ƙaro nama.

Daraktanmu, wanda muke kira Babban Yaya, shi ne kuma mai rubuta labarin. Rannan ya miƙo hannu ko kallona bai yi ba. Ni kuwa ina da dogon jawabin da ban haddace ba, ga gajiyar jinyar mahaifiyata, Inna, da ɓarin jikinta ya shanye har magana ta ɗauke mata. Sai na dire butar a gabansa, na ce ai hannunsa lafiyarsa ƙalau. Masu kula da fitilun ɗaukar hoto suka kwashe da dariya. Shi ma ya dara, ya wanke hannunsa da kansa.

Bayan kwana biyu sai ga shi a gidanmu da ledar lemo, wai ya zo duba Inna. Ya daɗe a ɗakin. Ya kalli yadda nake ba ta abinci da cokali, yadda nake goge mata haɓa, yadda hannunta na hagu ke naɗewa a ƙirji. Har ya yi mata addu'a. Da ya tafi na ce wa Inna samun mutum irinsa sai an tona.

A rubutun da aka raba mana na gaba, Mai Shari'a ta faɗi a kotu. Ɓarin hagu, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Aka ba magatakardana kujerar. Tun daga nan aikina kwanciya. Dogo, wanda yake fitowa a mijina, ya zauna a bakin gado yana ɗura min shayi yana zubowa ta gefen baki, yana yi min wa'azin yadda girman kai ke kayar da mace. In ban naɗe hannun daidai ba, Babban Yaya ya tsayar da aiki, ya ce a gaban kowa, "Ba haka Inna take yi ba, ƙanwata. Sake."

Abin da ya fi ci min rai, Malam, na iya. Kowa cewa yake ban taɓa wasa mai kyau irin wannan ba. Inna kuwa talabijin ce abokiyar hirarta. Ranar da ta gan ni da hannun nan, ta juya fuska bango. Tun ranar ba ta karɓar abinci a hannuna, sai a hannun ƙanwata.

Yanzu ya ba ni zaɓi. Mai Shari'a za ta warke, amma kalmarta ta farko ita ce neman gafarar mijinta a durƙushe, sannan ta ajiye aiki ta zauna a gida. In na ƙi, ta mutu wata mai zuwa. Ya ce likkafani ma yana nan cikin kayan wasa, wanda aka sa wa wadda ta fito a likita, da mota ta bige ta a labarin bayan sun samu saɓani. Lokacin dai mun ce ita ta jawo wa kanta, bakinta ya yi yawa, kuma bayan tafiyarta ne aka faɗaɗa nawa matsayin. Sauran matan yanzu rige-rigen ɗaukar buta suke yi, suna ba ni haƙuri a ɓoye. Da aikin nan nake sayen maganin Inna. In durƙusa ko in mutu?

Wadda aka kwantar

*

Ƙanwata, na san fuskarki. A falona ma an yi hawaye ranar da kika faɗi, ni kaina na ce lallai matar nan ta iya. Yanzu kin sa yabon ya tsaya min a wuya.

Bari in fara ba Babban Yaya haƙƙinsa, ba shi da yawa. Kin ba da shi a gaban yaransa, kuma namijin da ya girma ana zuba masa ruwa yana ɗauka da butar aka haife shi. Labarin ma nasa ne, yana da ikon kashe wanda ya ga dama. Bai ma ƙirƙiro komai ba. Na yi karance-karance daidai gwargwado, kuma na lura in marubuci ya gina mace mai ƙarfi ta fara ba shi tsoro, ciwo yake jefa mata, ko hauka, ko tuba. Naki ya haɗa miki biyu, mai kyauta ne. Amma shiga ɗakin mara lafiya da lemo don a auna hannunta, wannan sata ce, kuma daga wadda ba ta iya ihu aka yi ta.

Ke ma ga naki. Likkafanin nan kin san shi tun yana sabo. Da aka naɗe likita a ciki kin ce bakinta ya yi yawa, kika gyara zama a kujera. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa, ke kuwa butar ma a hannunki take. Saboda haka kada ki ga laifin masu rige-rigen yau. A wurinki suka koya.

Zaɓin da ya ba ki kuwa, ki dube shi da idon alƙali. In kin durƙusa ba kujerar za a mayar miki ba, kicin za a kai ki, kuma duk ranar da kika yi tari ba da izini ba ciwon zai dawo. Mutuwa ce duka biyun, ɗaya dai da jana'iza. Da ni ne ke, mai jana'izar zan ɗauka. Gara 'yar matar nan mai son zama lauya ta ga an binne Mai Shari'a da ta ga tana rarrafe.

Sai dai ba a mutuwa da garaje in akwai magani a wuyan mutum. Kada ki ba shi amsa tukuna. Ki kai yarjejeniyarku wurin wanda ya san doka ya duba miki. Ki nemi wani aikin tun fuskarki tana da zafi, yabon nan da ke ƙona ki shi ne jarinki. Ki kuma nemi gidan wadda ta fito a likita, ki je da ƙafarki. Wataƙila ta rufe miki ƙofa, tana da hujja. In ta buɗe, ita kaɗai ta san yadda ake rayuwa bayan likkafani.

Daga gobe kuma ki daina naɗe hannun nan. Ki yi kowane irin ciwo, ki ɓata wasan in ta kama, ya yi ta cewa a sake har rana ta faɗi. Shi ya sato, amma ke kike kai kayan kasuwa duk mako.

Durƙuso kuwa akwai shi a kanki, ba a gaban Dogo ba. Ki kashe talabijin ɗin ɗakin Inna, ki durƙusa a gefen gadonta ta ɓarin da take gani, ki gaya mata komai tun daga buta. Ba za ta iya cewa ta yafe ba. Ki miƙa cokalin ki jira.

Allah ya ba Inna lafiya, ya sa ta buɗe baki.